Makin da Na Ba Baƙar Giya

Litinin, 9 ga Oktoba, 2023

Wata goma sha huɗu ke nan ina ɗakin ƙasa a gidan Kawu Yashim. Taga ɗaya ce, ita ma can saman bango, abin da nake gani ta cikinta tayar motar Anti Constance. Da tayar nake sanin lokaci. In babu ita, Anti ta tafi asibiti.

Don bakina na sayi wannan littafin. Anti ta ce bakina ne zai kashe ni a ƙasar mutane. To ga inda zan riƙa juye shi.

Bari in rubuta abin da ba wanda na gaya wa a gidan nan, in huta. Ba a siton lemo nake aiki ba kamar yadda na gaya musu. A gidan giya nake. Ƙaramin kamfani ne bayan unguwar College Park, mu tara, suna dafa tasu suna sayarwa. Ni ke wanke durorin ƙarfe. In na tashi sai in yi wanka a can, in canza kaya, in hau jirgin ƙasa in ratsa gari gaba ɗaya, Kawu ya ɗauke ni a tashar Branch Avenue ya ce ya lemo. In ce lemo lafiya.

Ranar da na sauka ƙasar Turawan nan, kafin in sa loma a baki, ya ajiye Littafi Mai Tsarki a tebur ya sa na ɗora hannu. Muddin ina gidansa giya ba za ta taɓa bakina ba. Ranar da ta taɓa, in kwashe kayana. Dattijon ikilisiya ne, ba ya maimaita magana. Adireshinsa ke kan kowace takarda tawa. Ba mota, ba lasin, ban san kowa ba sai waɗanda ya nuna mini a coci.

Ban sha ba. Wata huɗu ina cikin warinta, ko ɗigo. Gaskiya ba tsoron Allah ba ne. Ba ni da inda zan je ne.

Juma'a, 13 ga Oktoba

Ranar ɗanɗano. Duk Juma'a da ƙarfe biyu sai su ajiye aiki su zauna a dogon tebur, kowa da ƙananan kofuna da takarda. Abby ke zubawa. Ita ce mai dafa giyar, gajeriyar mace mai takalmin roba har gwiwa, ba ta dariya sai da dalili.

Hankalinsu duk yana kan wata baƙar giya da suka sa wa suna Maƙera. Sitawut ce, amma ba irin ta kwalba da ake sha a Kafanchan ba. Wannan kauri gare ta kamar baƙin mai, ƙarfinta kashi goma sha uku cikin ɗari, kuma ta shekara a gangunan katako da aka taɓa ajiye wiski a ciki. Ganguna goma sha biyu. Tsakiyar Nuwamba za a haɗe su wuri ɗaya a ɗura a kwalabe. Kafin nan sai an ɗanɗana kowace ganga an ba ta maki, ɗaya zuwa biyar.

Ina goge ƙasa ina jin su. Wannan ya ce cakulan yake ji. Wancan ya ce kofi da taba. Wani mai gemu ya rufe ido ya ce tana tuna masa ɗakin karatun kakansa. Mutum ya sha ɗakin karatu, har ya ba shi huɗu da rabi.

Da na zo kwashe kofuna, na ganga ta bakwai ya bugi hancina. Can ƙarƙashin ƙamshin akwai wani siririn tsami mai hawa. Na san shi. Na san shi kamar yadda na san tarin Mama a cikin kasuwa. Duk sun ba ta huɗu da biyar. Na wanke kofin na yi shiru. Wa ya tambayi mai wanke duro.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Bayan sujada wata mata 'yar Jos ta tambaye ni sana'ar mahaifiyata. Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Yayata hatsi take sayarwa."

Hatsi.

Shekara talatin Mama na dafa burkutu a bayan kasuwar Zonkwa. Na tashi ina shanya tsiron dawa, ina hura wuta, na bar makaranta a aji biyar na sakandare don in riƙe mata rumfa lokacin da ƙafarta ta kumbura. Abin da na sani na karatu bayan nan, a kan buhunan dawa na koya wa kaina. Ba ta taɓa bari na sha ba, amma ita ta koya mini sunsuna tukunya. Sai ta kama ƙeyata ta duƙar da ni ta ce, "Me ka ji? Gobe za ta kai, ko yau za mu sayar?"

A mota na ce, "Kawu, hatsin Mama dai sai ya kwana a tulu ake saye."

Anti ta kira sunana, "Kambai."

Shi kuma ya ƙara muryar rediyo.

Talata, 17 ga Oktoba

Ɗanliti ya zo kwasar dusa. Bakano ne, ya haura hamsin, yana kula da wata gonar awaki da raguna can bayan gari. Kamfani ke ba shi dusar da aka tace. Shi kaɗai nake Hausa da shi a wurin. Ba ya shiga ciki, bakin ƙofa yake tsayawa kamar simintin zai karya masa alwala.

Na ce, "Alhaji, akuyar da ta ƙoshi da dusar giya, ya hukuncinta?"

Ya ce, "Dusa ba ta da laifi, tun kafin a yi saɓon aka fitar da ita. Kai ne dai ke ciki tsundum, ɗan gidan Fasto."

"Kawuna ba Fasto ba ne, dattijo ne."

"Duk ɗaya, ku dai ku yi ta waƙa."

Ya ba ni goro. Shi ne mutum na farko da ya sa ni dariya a makon nan.

Juma'a, 20 ga Oktoba

Bakina.

Mai gemu ya ɗaga kofin ganga ta bakwai ya ce akwai wani ɗan tsami mai daɗi, kamar na 'ya'yan itace, shi ya sa ta fi saura. Ina riƙe da tsintsiyar goge ƙasa na ji kaina na ce, "Ba 'ya'yan itace ba ne. Ta fara juyawa."

Abby ta ce ya aka yi na sani. Na ce na ji. Ta ce na ɗanɗana? Na ce ba na sha. Mai gemu ya yi dariya ya ce a teburin nan ba a ba da maki sai an haɗiye. Na ce masa ai shi ya haɗiye sau uku bai ji komai ba, ko don gemun ne ke tacewa.

Ba wanda ya yi dariya. Abby ta ce in koma bakin aikina.

Asabar, 21 ga Oktoba

Laburare tun safe. Na samu littafi a kan cututtukan giya, na zauna da shi da ƙamus har aka rufe. Abin da Mama ke cewa juyawa, su ƙwayar cuta suke kira, da dogon suna. Tana ɓuya a tsagar katako. Idan aka haɗa ganga mai ita da sauran, duk sai su kamu, kuma ba za a sani ba sai bayan watanni, a gidajen mutane. Shafi arba'in don a faɗi abin da Mama ke faɗa da yatsine hanci.

Laraba, 25 ga Oktoba

Abby ta same ni wajen durori. Ta ce tana neman mataimaki a ɗakin ganguna, cikakken aiki, ba na rabin rana ba. Amma mai wannan aikin dole ya zauna a teburin Juma'a. Kuma mai kamfani ba zai yarda a ware ganga guda don mai wanki ya sunsuna kofi ba. Sai da takarda, da maki, da sa hannu. Ta ce, "Ka zo jibi, ko kar ka zo. Ba zan sake tambaya ba."

In na sha, na bar duro. In na sha, na bar gidan Kawu. Ita ba ta san na biyun ba.

Alhamis, 26 ga Oktoba

Kawu ya sayo mini rigar sanyi. Ban roƙe shi ba. Abin haushi, ta yi mini daidai.

Juma'a, 27 ga Oktoba

A jirgi nake rubuta wannan.

Na zauna. Abby ta zuba na ganga ta bakwai ta miƙo mini. Ban san lokacin da na mayar mata ba. Ta tsaya riƙe da kofin tana kallona, ni ma ina kallonta, kowa na jiran ɗan'uwansa. Can na gane ba ta san me nake nufi ba. Na ce a wajenmu mai giya ce ke fara kurɓa daga ƙwaryar da za ta miƙa maka. Ba a karɓar giya daga hannun wadda ba ta sa bakinta ba. Ko Mama, da kowa ya yarda da ita, ba ta taɓa tsallake wannan ba.

Abin ya burge su. Mai gemu har ya ce ya kamata a mayar da shi doka. Abby kaɗai ce bai burge ba. Ta kurɓa.

Fuskarta na kalla, don fuskar mai giya ba ta ƙarya a kurɓin farko. Ba abin da ya motsa. Ta ce, "Ni ban ji matsala ba." Ta miƙo.

Na sha.

Da farko nauyi, kamar an ɗora maka bargo a harshe. Sai zaƙin mazarƙwaila. Sai ɗacin ƙanzon tukunya. Sai zafi ya gangara ƙirji har na ji idona ya kawo ruwa, na ƙi yin tari don kar mai gemu ya ji daɗi. Bayan duk sun wuce, can gefen harshe, sai ga shi. Tsami siriri mai kaifi, ya ƙi tafiya. Ba ɗan gida ba ne.

Na ce a ba ni wata in gwada. Ta ba ni ta uku. Wannan kam. Ɗinya cikakkiya wadda ta faɗo da kanta, dabino, gyaɗar da aka soya ta kusa ƙonewa, ɗacin goro a ƙarshe mai barin baki da daɗi. Haka na rubuta musu, na bar sunayen da Hausa, wanda ya damu ya tambaya. Ganga ta uku, huɗu da rabi. Ganga ta bakwai, ɗaya. Na sa hannu.

Bayan an tashi Abby ta kira ni bayan gini. Ta ce shekara biyu ke nan da ta yi ciwon da ya ɗauke mata jin ƙamshi. Rabi ya dawo, rabi bai dawo ba. Ba wanda ya sani, har mai kamfani. Shi ya sa kullum ita ke zubawa: sai ta ji abin da kowa ya faɗa sannan ta rubuta nata. Ta ce, "Yau ka sa na fara, a gaban mutanena. In gwaji ya nuna kai ke da gaskiya, kowa ya ji abin da na ce."

Na ce ban sani ba. Ta ce ta san ban sani ba.

Na wanke baki sau uku. Na tauna ragowar goron Ɗanliti. Saura tasha huɗu.

Asabar, 28 ga Oktoba

Kawu ya ce ya lemo. Na ce lemo lafiya. Na buɗe tagar mota cikin sanyin nan, bai ce in rufe ba.

Juma'a, 3 ga Nuwamba

Sakamakon gwaji ya dawo. Ta bakwai ta kamu. An mirgina ta waje. Mai kamfani ya girgiza hannuna kamar yau ya fara ganina, ko da yake yau ɗin ne. Mai gemu ya ce tun farko shi ma ya ji wani abu. Na ce e, ɗakin karatu. Game da Abby kuwa, cewa suka yi kowa yana kuskure. Ba ta ɗago kai ba.

Zan fara aiki a ɗakin ganguna Litinin mai zuwa.

Na sake sha yau, ganguna huɗu, kurɓi biyu-biyu. Abin da ban so ba: na biyun ya fi na farko sauƙi. A jirgi na karanta shafi ɗaya sau huɗu.

Lahadi, 5 ga Nuwamba

Wajen cin abinci Kawu ya ce ranar Asabar shi da dattawa biyu za su je sayen akuyar bikin godiya na coci. An yi musu kwatancen wata gona. "Wai wani Bakano ke kula da ita."

Na mayar da lomar tuwon cikin kwano.

Talata, 7 ga Nuwamba

Ɗanliti ya zo. Ya ji labarin ganga, yana ta murna kamar shi ya haife ni. "Ashe hancin nan ba na banza ba ne." Ya san sunan Kawu, ni na gaya masa tun tuni. Abin da bai sani ba shi ne maganar lemo.

Na buɗe baki in ce, Alhaji, in wani Yashim ya zo, ba ka san ni ba. Ya ƙi fita. Ta yaya zan ce wa mai furfura ya yi mini ƙarya? Haka na gaya wa kaina. Wataƙila kuma gajiya ce kawai. Na taya shi loda dusa, ya tafi.

Asabar, 11 ga Nuwamba

An yi.

Da la'asar suka dawo. Na ji an sauke kulolin nama, na ji dattawan sun tafi ba su shigo ba, sai Anti ta leƙo ta saman matakala ta ce, "Kawunka na kira." Muryarta kawai ta ishe ni.

Yana zaune bai cire takalmi ba. Ya ce suna cikin ciniki Bakanon ya ji sunansa, ya saki igiyar akuya ya kama hannunsa biyu. Wai ashe kai ne kawun Kambai, Allah ya yi wa yaron nan albarka, da harshensa ya ceci gangunan giya goma sha ɗaya. A gaban dattawa biyu. Har ya rage musu kuɗin akuya saboda ni.

Na ce, "Kawu, aikin—"

Ya ɗaga hannu. "Tun watan Yuli nake jin warin tsiro a kayanka. Kana tsammani wanka yana fitar da shi? Na yi shiru, na ce yaro neman abinci yake, ba sha yake ba. Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka sha?"

Da na ce a'a da ya karɓa. Na gani a fuskarsa, so yake in ce a'a.

Na ce, "Na sha. Juma'a uku."

Ya ce hanya biyu ce. In bar aikin, in tsaya gaban dattawa in tuba, in ci gaba da zama. Ko kuma ƙarshen wata.

Nan ya kamata in yi shiru. Na ce, "Ba giya ce ta dame ka ba, Kawu. An faɗa a gaban mutane ne. Wata huɗu kana jin wari kana tambayata lemo. Kunyar yayarka kake ji, shi ke nan, ka mayar da ita mai hatsi don ka samu kujerar gaba a coci."

Anti ta ce, "Yesu."

Shi bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Ba ka san abin da kake faɗa ba." Ya cire takalminsa ya jera su, ya hau sama.

Lahadi, 12 ga Nuwamba

Ban je coci ba, ba a kuma ce in zo ba. Na kira Mama. Na zaci za ta goyi bayana.

Tambayarta ta farko: "Ya take a baki?" Na kwatanta mata. Ta ce shekara guda a ganga, lalle mutanen nan ba su da masu jira a rumfa.

Sai ta juyo kaina. "Wa ya ce ka ɗora hannu a Littafi? Da ka ce ba za ka iya ba, sai ya kashe ka? Ka ɗora, ka kuma karya. Wannan ba laifin Yashim ba ne."

Na ce ya ce hatsi kike sayarwa. Ta yi dariya har da tari. Ta ce ya ce ma jirgin sama take tuƙawa, me ya ragu a tukunyarta.

Sannan ta gaya mini abin da ba ta taɓa gaya mini ba. A gidansu, lokacin da Kaka ke dafawa, ba ita ake kira ta sunsuna tukunya ba. Yashim ake kira. Ya fi kowa hanci, ko daga bakin ƙofa yakan faɗi wadda ta juya. Yana da shekara goma sha biyu babansu ya fita shan giya bai kwana gida ba. Shi aka aika nema da safe. Shi ya tsinci gawarsa a kwarin bayan kasuwa, da damina, fuska a ruwa, ruwan ma bai kai gwiwa ba. Tun ranar bai sake matsowa kusa da murhu ba.

Ta ce, "Ni na ɗauki tukunya don mu ci, shi ya ɗauki Littafi. Kowa da abin da ya iya ɗauka. Je ka ba shi haƙuri a kan rantsuwar. Maganar aiki kuma, kai ka san abin da hancinka yake so."

Ban ji daɗin kiran nan ba. Na fi son Kawu yadda na ɗauke shi jiya.

Talata, 14 ga Nuwamba

Ɗanliti ya sauko daga mota yana salati. "Ɗan nan, bakina ne. Na ga fuskar mutumin ta canza, na ce Ɗanliti ka yi ɓarna."

Na ce, "A'a Alhaji, nawa ne."

Ya san wani mutumin Maraɗi da ke da ɗakin haya a unguwar Hyattsville, hawa na biyu. Za mu je gani Alhamis. Ya ce amma fa ban da shigo musu da kayan aikina.

Juma'a, 17 ga Nuwamba

An haɗe ganguna goma sha ɗaya. Ɗanɗanon ƙarshe kafin kwalba. Yanzu Abby kan zubo mini ta tsaya kusa, ta kurɓa, ta miƙo, in faɗa mata a hankali abin da na ji. Su sauran sun ɗauka wasan al'adarmu muke yi.

Baƙa ƙirin, kumfa kalar ƙasa, siririya, tana barin zane a jikin kofi. Ɗinya da mazarƙwaila a gaba, wiski a hanci, ƙanzo a baya, zafi mai tafiya a hankali. Ba ta mai ƙishi ba ce, ta wanda ya zauna ne. Huɗu da rabi na ba ta. Kurɓi biyu na yi na ture kofin. Na lura tun ranar Lahadi nake ƙirga kurɓi.

Na ga ɗakin jiya. Tagarsa bishiya take kallo. Na ce zan karɓa.

Alhamis, 23 ga Nuwamba

Hutun godiya na ƙasar nan, gida cike da baƙi da talotalo. Na sami Kawu shi kaɗai a gareji yana neman kujeru. Na ce, "Kawu, na yi rantsuwa na karya. Ka yi haƙuri. Abin da na faɗa ranar nan ma."

Ya ce, "Na ji. Aikin fa?"

Na ce ba zan bari ba.

Ya ce, "To." Ya miƙo mini kujeru biyu.

Asabar, 25 ga Nuwamba

Na zaci Ɗanliti zan kira. Da safe na fito da jakunkuna sai na ga Kawu ya riga ya buɗe but ɗin motarsa. Anti ta cika kula da miya kamar Zonkwa zan koma, tana ta faɗa wai ban iya ninke kaya ba.

Jiya aka fara sayar da Maƙera, layi har titi. Wajen ɗaukar katan wata kwalba ta fashe ta jiƙa mini hannun rigar sanyi. Ban wanke ba. Ban ga dalilin wankewa ba yanzu.

Mun yi tafiyar minti ashirin, hita a kunne, taga a rufe. A wata danja ya ja numfashi, yana kallon gaba ya ce, "An ƙona tsiron nan da yawa."

Na ce, "Haka ake yinta, Kawu. Baƙar giya ce."

"Na san baƙa ce. An ƙona."

Na ce masana tara sun zauna a kanta. Ya ce ko su casa'in ne. Danja ta ba da hannu.

Ya hau da babbar jakar da kansa, ya duba makulli, ya duba hita, ya gaisa da mai gidan da Hausa har suka gano sun taɓa zama unguwa ɗaya a Kaduna. Ya yi addu'a a tsaye, gajeriya, bai sa giya a ciki ba. Da zai fita ya ce wasiƙuna za su ci gaba da zuwa gidansa a Clinton kafin in canza adireshi, in riƙa zuwa ina ɗauka ranar Lahadi.

Lahadi, 26 ga Nuwamba

Haske ya yi yawa a ɗakin nan.

Litinin, 27 ga Nuwamba

Na buɗe kwalba ɗaya a ɗakin ganguna da safe, don aiki. Na bar ta ta huce daga sanyi, na sunsuna, na kurɓa sau ɗaya. Ɗinya tana nan, mazarƙwaila tana nan. Amma bayan an haɗiye akwai ƙauri da ke zama a maƙogwaro ya wuce lokacinsa. Ba ƙanzo ba ne, gawayi ne. Kaɗan ne ƙwarai. Mai yiwuwa ma don an faɗa mini ne.

Na karɓo takardata ta ranar sha bakwai a wajen Abby, na soke rabin. Huɗu. Na ce mata baɗi a rage gasasshen tsiro.

Ta ce ranar nan ban faɗi haka ba, wa ya ce?

Na ce wani ne da ba ya sha.